Ba Kowace Tsaga Ake Ɗinkewa Ba

A madafar Innarmu, can cikin birni a gindin Dala, akwai wata tukunyar gorar-ruwa mai kunne biyu wadda ake tuƙa mana tuwon dare a cikinta. Baƙo in ya gan ta ba zai sake dubanta ba, domin irinta ce ake jibgewa a Kasuwar Kurmi. Amma ni duk ran da na je gida na tarar an ɗora ta a murhu sai gabana ya faɗi, saboda na san asalinta. Wannan tukunya a da ƙafar mota ce. Ta yi ta zirga-zirga tsakanin Kano da Gaya ɗauke da mutane, kuma saura ƙiris ta sa in ɗauki alhakin rayukan bayin Allah waɗanda ko sunansu ban sani ba. Labarinta nake so in ba 'yan'uwana ɗalibai, ko wani zai tsinci abin da zai amfane shi.

Mu gidanmu gidan ƙira ne, kuma ba ma jin kunyar faɗa. Ai ko sunan garin nan, in mun bi abin da masu tarihi ke cewa, daga wani maƙeri aka samo shi, mai suna Kano, wanda ya taso daga Gaya ya zo gindin Dala neman tama. Masu tonon ƙasa kuma sun gano alamar an narka ƙarfe a wurin tun wajen ƙarni na 7. Maƙera iri biyu ne. Akwai maƙeran baƙi, masu fartanya da gatari da lauje, akwai kuma maƙeran fari, masu azurfa da tagulla. Kakanmu maƙerin fari ne, mundaye da zobba yake yi. Wani Bature malamin Hausa, Philip Jaggar, ya zauna da maƙeran birnin nan a farkon shekarun 1970, littafinsa a kansu ya fito a 1994, ya kuwa nuna cewa ba su taɓa tsayawa wuri ɗaya ba, duk abin da zamani ya kawo sai sun san yadda suka yi da shi. Haka abin yake a gidanmu. Da kasuwar mundaye ta ja baya, ƙanen mahaifina, wanda muke kira Baffa, sai ya ajiye zuga-zugi ya koyi waldar gas, yana liƙe lagireto da salansa. Daga nan ya tara kuɗi ya sayi injin waldar agon, ya kama rumfa kusa da Ƙofar Ruwa, inda 'yan kayan mota suke. Tun rasuwar mahaifinmu shi ke riƙe da mu, ni kuwa duk hutu a rumfarsa nake yini.

Aikin da ya fi shigo mana shi ne wilin alminiyam, wanda makanikai ke kira aloi. Dattawan direbobi suna ba da labarin zamanin Peugeot 504 da ake haɗawa a Kaduna, lokacin da kusan kowace mota wilin ƙarfe gare ta. Shi wilin ƙarfe in ya faɗa rami lanƙwashewa yake yi, a ba shi guduma biyu uku ya miƙe, a ci gaba da tafiya. Da motocin Kwatano suka cika gari sai aloi ya zama ruwan dare. Ba sabon abu ba ne a duniya, don tun 1924 wani maƙerin motocin tsere a Faransa, Bugatti, ya sa wa motarsa wilin alminiyam. Ga shi da ƙyalli, ga rashin nauyi, domin alminiyam nauyinsa wajen sulusin na ƙarfe ne. Sai dai shi zuba shi ake yi a mazubi kamar yadda ake zubin tukunya, saboda haka ba shi da haƙurin lanƙwasa. In damina ta cinye kwalta, mota ta dira cikin rami da gudu, sai ya tsage. Mai mota ba ya ganin tsagar, don yawanci a leɓen ciki take, ta wajen da ke fuskantar ƙarƙashin mota. Abin da zai gani kawai shi ne kullum safiya taya ta sace. Ya kai wa mai faci, a tsoma taya a ruwa ba a ga huda ba, sai a shafa ruwan sabulu a bakin wili, a ga kumfa na tashi. Daga nan sai a ce da shi, “Sai Ƙofar Ruwa.”

Mai karatu, kada ka zaci waldar alminiyam ɗaya take da waldar ƙofa ko taga. Shi ƙarfe in ya ji wuta yana yin ja, ya gaya maka halin da yake ciki. Alminiyam kuwa munafuki ne, ba ya canja launi, kana cikin gasa shi sai ka ga ya zube kamar kitse. Yana narkewa a digiri 660 na ma'aunin Salshiyas, amma akwai wata fata siririya da iska ke yi masa a jiki wadda ba ta narkewa sai zafi ya haura digiri 2,000. Watau cikin ya narke, bayan yana nan daram. Maganin wannan shi ne injin agon. A bakinsa akwai wani tsinke na ƙarfen tangistin, wanda shi ba ya narkewa sai an wuce digiri 3,400. Wutar lantarki mai kai da komo tana tsalle daga tsinken ta fasa fatar nan, iskar agon kuma tana fitowa daga tulunta ta lulluɓe wurin don kada iskar duniya ta shiga. Mai walda na riƙe da bakin injin a hannun dama, da hagu kuma yana ɗiga sandar alminiyam a cikin narkakken wurin, ɗigo bayan ɗigo. A Amurka aka ƙago wannan dabara a 1941, a kamfanin jiragen sama na Northrop, lokacin yaƙin duniya na biyu. Ga ta yau a ƙarƙashin rumfar kwano a Ƙofar Ruwa.

Yadda Baffa ya koya mini shi ne, da farko a cire taya, a wanke wili tas, a kankare fenti. Sai a nemo inda tsagar ta ƙare, a huda ɗan rami a daidai nan don kada ta ci gaba da tafiya. Sa'an nan a bi ta da injin gurza a yi mata kwari, a goge da burushin da bai taɓa taɓa baƙin ƙarfe ba, a ɗan ɗumama wilin, a cike kwarin ciki da waje. In ya huce da kansa, ba tare da an zuba masa ruwa ba, sai a gurje inda bakin taya ke zama ya yi sumul, a mayar da taya, a ba ta iska, a gwada da sabulu. Na shekara uku ina kallo kafin ya bar ni in riƙe bakin injin. Da na fara kuwa sai hannuna ya faɗa, har maƙwabta suna cewa ɗinkina ya fi na Baffa kyau, yana jeruwa kamar ɓawon kifi. Wannan yabo ya shiga kaina ƙwarai.

Abu ɗaya ne ya riƙa ba ni haushi game da Baffa, watau yawan mayar da aiki. Kafin ya yi ciniki sai ya ɗaga wili ya juya shi a rana, ya ƙwanƙwasa, ya saurara. In tsagar gajera ce a leɓen ciki, ta ratsa leɓen a tsaye, sai ya karɓa. Amma in ta kama ɗaya daga cikin yatsun wili, watau rassan nan da suka taso daga cibiya, ko tana kusa da ramukan noti, ko ta bi zagayen wilin a kwance, ko kuwa tsagogin sun yi yawa, to, ko nawa za a ba shi sai ya ce, “Alhaji, wannan ya gama aiki, a nemi wani.” Sau da yawa ina kallo mai wilin zai ɗauka ya tsallaka wata rumfar a yi masa. Na taɓa ce masa, “Baffa, ai in ba ku yi ba wani zai yi, kuɗin ne kawai ya wuce mu.” Bai ko ɗago kai ba, ya ce, “To, wanin ya yi.”

Ana nan sai hutun ƙarshen shekarar karatu ta 2023 ya zo. Kowa ya san yadda shekarar nan ta kasance. An janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu, a watan Yuni darajar Naira ta faɗi, duk abin da ake shigowa da shi ya yi tsada, har da wilin Kwatano. Ni kuma ga kuɗin rajista a gabana, abin da na tara bai kai ba, kunya kuma ta hana ni in sake tambayar Baffa, don na san nauyin da ke kansa.

Wata Talata da hantsi wani direban ƙaramar motar haya ya kawo wili. Baffa ya juya shi, sai ga tsaga a gindin yatsa ɗaya, daf da cibiya. Ya ce ba zai taɓa ba, ya ba shi shawara ya sayi wilin ƙarfe, ya fi araha kuma ya fi jure wa ramukan hanya. Direban ya ce, “Malam, ku taimake ni. Motar ba tawa ba ce. In maigidana ya ga ƙafa ɗaya ta bambanta da sauran zai ce na sayar da tasa, in ya ji na fasa kuwa zai karɓe makulli. 'Ya'yana biyar.” Baffa ya ce, “Allah ya rufa asiri, amma ban iya ba.” Bayan azahar Baffa ya tafi ta'aziyya ya bar mini rumfa. Ashe direban bai yi nisa ba. Ya dawo ya tsuguna kusa da ni, ya ce, “Injiniya, an ce hannunka ya fi na tsohon. Zan ninka maka kuɗin.”

Ba zan yi wa mai karatu ƙarya in ce tausayi ne kaɗai ya ja ni ba. Akwai tausayin, amma kwaɗayi ya fi shi yawa, girman kai kuma ya fi su duka. Na ce a raina tsoron Baffa na tsufa ne. Na yi wa tsagar kwari, na cike ta, na gurje har sai da wurin ya saje da sauran yatsun, sa'an nan na fesa fenti ruwan azurfa. Wallahi ko wanda ya ƙera wilin sai ya duba da kyau kafin ya gane. Direban ya yi ta sa mini albarka, ya ce gobe da asuba zai yi lodin Gaya. Na soke kuɗi a aljihu, na share wurin kafin Baffa ya dawo.

Da dare na je hira wurin wani abokina da ke karatun injiniya a jami'armu. Cikin alfahari, ba tare da na ce ni na yi ba, na tambaye shi me zai hana a yi wa yatsan wili walda in mai waldar gwani ne. Ya ce gwaninta ba ta shiga nan ba. Ya bayyana mini cewa yawancin wilin nan ba zallan alminiyam ba ne, akwai silikon wajen kashi 7 cikin 100 da ɗan magniziyam kaɗan. Bayan an zuba shi sai a gasa shi a zafin da ya kai wajen digiri 540, a tsoma shi a ruwa, a sake gasa shi a ɗan ƙaramin zafi na sa'o'i. Wannan gashi shi ke ba shi ƙarfinsa. Nan take na gane, domin ɗan maƙera ya san abin da ake nufi da ba wa wuƙa ruwa, ya kuma san in ka mayar da ita wuta ruwan ya tafi. Ya ce to haka zafin walda ke yi wa naman wilin da ke gefen ɗinki. Ɗinkin kansa yana iya riƙewa, amma maƙwabcinsa ya yi laushi, kuma ba mai iya mayar masa da ƙarfinsa a rumfar kasuwa. In a leɓe ne, nauyin da ke wurin kaɗan ne, in ma ya sake tsagewa iska za ta riƙa sacewa ta yi maka gargaɗi. Yatsa kuwa shi ke ɗauke da motar. Duk juyi ɗaya sai nauyi ya danne shi ya sake shi, taya kuma tana juyawa wajen sau 500 a kowace kilomita. Daga Kano zuwa Wudil kawai, wajen kilomita 40, juyi 20,000 ke nan. Ya ƙara da cewa shi alminiyam ba ya manta wahala, tara ta yake yi, ran da ta ishe shi kuma ba ya sallama. Shi ya sa a Jamus ba a yarda a hau titi da wilin aloi da aka yi wa walda ba sam.

Na koma gida ƙafafuna ba ƙwari. Kwana uku ina kwanciya ina lissafin juyi. In an buɗe rediyo ana labarai sai in kasa kunne in ji ko za a ambaci hanyar Wudil. Duk da haka ban yi magana ba. Ina ta lallashin kaina cewa ai ɗinkina mai kyau ne, wataƙila ma ya riƙe shekara. Ran Juma'a da dare muna cin tuwo sai Inna ta ce jibi za ta je suna Gaya, ita da ƙanwata, in raka su tasha da sassafe. Loma ta tsaya mini a wuya. Wannan shi ne wurin da ya fi ba ni kunya a labarin nan duka. Kwana uku motar nan tana ɗaukar uwayen waɗansu da ƙannen waɗansu ina iya haɗiye tuwo, sai da aka ce tawa uwar za ta shiga sa'an nan na san mutane ne a ciki.

Da asuba bayan an idar da salla na bi Baffa zaure, na durƙusa na gaya masa kome, na ajiye kuɗin a gabansa. Na zaci zai mare ni, da ma ya yi hakan da na fi samun sauƙi. Ya yi shiru har na ji motsin tsakar gida, sa'an nan ya ce, “Ka san tashar da yake lodi?” Na ce na sani. Ya ce, “Fito da babur.”

Muka fara biyawa Ƙofar Ruwa, ya bi rumfuna har ya sami wili irin wancan sak, ya juya shi a rana kamar yadda ya saba, ya biya da kuɗin da na san na cefanen mako ne da na cika tulun agon. Ya sa na sayo kananzir a 'yar kwalba da alli. Muka je tasha aka ce direban ya tafi tun da safe. Muka zauna a benci daga hantsi har bayan la'asar, Baffa bai ce da ni uffan ba. Ban taɓa ganin yini mai tsawon wannan ba. Da na hango motar ta shigo, an danƙara mata buhuna a but har ba ya rufuwa, mutane a matse gaba da baya, sai na ji hawaye na zubo mini.

Direban da fari ya ƙi. Ya ce, “Malam, kwana huɗu ina aiki lafiya lau, ko iska ba ta rage ba. Yaron nan ya iya aiki, ku dai ba ku so a yabe shi.” Baffa ya ce, “Ba kuɗi na zo karɓa ba. Ga wili na kawo maka kyauta. Ka bari in nuna maka abu ɗaya.” Aka ɗaga mota a jak aka kwance ƙafar. Baffa ya kankare fentina, ya shafa kananzir a wurin, ya bari ya jiƙa, ya goge tas. Sa'an nan ya dama alli ya shafe wurin fari fat, ya jira ya bushe, ya ɗan ƙwanƙwasa yatsan da guduma. Wannan tsohuwar dabara ce ta ma'aikatan jirgin ƙasa. In akwai tsagar da ido ba ya gani, kananzir na shigewa ciki, daga baya ya tsattsafo ya ɓata allin. Muna tsaye mu uku, da 'yan kamasho da suka taru, sai ga wani layi siriri kamar gashi yana fitowa a kan farin allin. Ba a kan ɗinkina yake ba. Ɗinkina na nan da kyansa, kyan ɗan maciji. A gefensa layin ya bi, daidai inda abokina ya faɗa, ya kusa cin rabin yatsan. Direban ya dafa mota ya zauna a ƙasa, yana ta salati.

A hanyar komawa ina tuƙi, Baffa na baya rungume da tsohon wilin, a nan ne ya yi mini magana. Ya ce, “Ɗana, ɗinki kowa na iya koyo, shekara biyu ta isa. Abin da na shekara talatin ina koyo shi ne in san wanda ba a ɗinkewa. Mai wili in ya zo, shi kaɗai kake gani. Ni kuwa ina ganin mutanen da za su zauna a kai, waɗanda ba a yi cinikin da su ba.” Bai ƙara ba, bai kuma sake tayar da maganar ba har yau.

Na yi ta tunani a kan wannan tun daga ranar. Mu ba za mu iya yin irin ta Jamus ba, mu ce duk wilin da ya tsage a jefar. Talaka ba shi da halin haka, kuma tsagar leɓe in an gyara ta bisa ƙa'ida tana yin aiki. Amma in ba a hana duka ba, to, dole wani ya tsaya ya rarrabe, kuma ba kowa ne wannan ba sai mai waldar. Jami'an kiyaye haɗurra, waɗanda aka kafa hukumarsu a 1988, suna iya duba taya da lasin da gudun mota, amma ba mai iya ganin abin da ke ƙarƙashin fenti a bayan wili. Fasinja kuwa ko kallon ƙafar mota ba ya yi, kujerar gaba yake nema. Ashe duk tsaron da ke tsakanin mutanen nan da kwarin gefen hanya, kalma ɗaya ce a bakin wani mutum mai baƙin tabarau a Ƙofar Ruwa, watau a'a. Mu da muke jami'a muna koyon yadda ake yin abubuwa, kuma kowannenmu zai fita ya sami rumfarsa, wani asibiti, wani kotu, wani ofishin gine-gine. Kowa kuma za a kawo masa nasa wilin bayan azahar, lokacin da babba ba ya nan, a ce za a ninka masa.

Ga masu mota kuma, ko masu shirin saye, ga abin da na sani. In za ka sayi wilin Kwatano, juya bayansa ka duba, ka yi hattara da wanda fentinsa ya fi na 'yan'uwansa sabunta. In naka ya tsage, ka sa a nuna maka inda tsagar take da idonka. In mai walda ya ce ba zai yi ba, kada ka tsallaka rumfa ta gaba, gode masa za ka yi.

Sauran hutun nan kyauta na yi wa Baffa aiki har na biya kuɗin wilin, shi kuma ya ranto ya cika mini rajista ba tare da na roƙa ba. Tsohon wilin kuwa, da muka iso rumfa ya miƙo mini babbar guduma ya ce in farfasa shi da hannuna, don kada ya faɗa hannun 'yan gwangwan ya sake komawa kasuwa. Ya kwashi gutsattsarin ya kai wa masu zubin tukwane, waɗanda ke narka tsohon alminiyam su zuba a mazubin yashi. Bayan mako guda sai ga shi da tukunya, ya miƙa wa Inna ya ce tsaraba ce. Ta yi ta murna, ta ce ba ta taɓa samun tukunya mai kauri irin wannan ba, tuwo ba ya kamu a cikinta. Har yanzu ba ta san daga inda ta fito ba. Na san ƙanwata za ta karanta mata wannan mujalla in ta isa gida. Inna, ki yafe mini.